Duniyar Kimiyya: Kafin Kwamfuta Ta Manta, Sai Ta Kafa Alamar Kabari

Akwai wata tambaya da ba kasafai mutane kan yi ba, alhali kuwa ta shafi duk wanda ke riƙe da wayar hannu. Idan mutum ya danna wurin gogewa, saƙo ko hoto ya ɓace daga fuskar wayarsa, shin ina abin ya tafi? Galibin jama'a sun ɗauki al'amarin kamar wanke allo: an zuba ruwa, an cuɗa, tawada ta bi ruwa, magana ta ƙare. To, a manyan rumbunan bayanai na kamfanonin duniya ba haka abin yake ba. A can gogewa ita ma rubutu ce. Na'ura ba ta cire kome a wannan lokaci, ƙari ma take yi, domin sabon layi take rubutawa mai cewa abu kaza ya mutu a lokaci kaza. Masana wannan fanni suna kiran layin nan dutsen kabari, watau alamar da ake kafawa don mai wucewa ya san akwai mamaci a wurin.

Dalilin wannan hali yana cikin yadda aka gina rumbunan. Kamfanin da ke hulɗa da miliyoyin mutane ba zai iya tara bayanansu a cikin kwamfuta guda ba, domin babu wadda za ta ɗauke su, kuma ko da akwai, ranar da ta lalace kowa ya shiga uku. Saboda haka sai a rarraba bayanan a kan kwamfutoci ɗaruruwa ko dubbai, wasu a gari ɗaya, wasu a wata nahiya dabam. Kowane bayani kuma a yi masa kwafi, galibi uku, a ajiye kowane kwafi a na'ura dabam. Irin wannan shi ne rumbun bayanai mai rassa. Amfaninsa a fili yake, in reshe ɗaya ya mutu, biyu na nan suna aiki. Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abin da aka ajiye a wuri uku sai an bi shi wuri uku kafin a kawar da shi, kuma ba kullum ake samun wuraren nan uku a farke lokaci guda ba.

A ɗauki misalin wani attajiri mai akawu uku a garuruwa uku, kowannensu da littafin bashi iri ɗaya. Dokar gidan ita ce duk ƙarshen mako akawun su haɗu su gwada littattafansu, wanda ya ga wani abu a littafin ɗan'uwansa da babu a nasa sai ya kwafa. Ana nan sai wani da ake bi bashi ya zo ya biya. Attajiri ya aika a cire sunansa. Biyu suka sami saƙo, suka kankare sunan sarai, ko tabo bai rage ba. Na ukun yana kwance ba lafiya, saƙo bai iske shi ba. Da ya warke aka haɗu, sai ga sunan bawan Allahn nan a littafinsa, babu a na sauran. To, ta yaya za su gane gaskiyar magana? Wurin da aka kankare da wurin da ba a taɓa rubuta kome ba kamarsu ɗaya. Bisa dokar gida, dole biyun nan su ɗauka sabon bashi ne da labarinsa ya wuce su, su kwafa. Ga mutum ya biya, ga bashi ya dawo a littafi uku.

Da a ce maimakon kankarewa sun rubuta a gefen sunan cewa an biya ranar kaza, da ba a yi haka ba. Ranar haɗuwa, na ukun zai ga rubutun da ya fi nasa sabunta, ya kwafa, magana ta mutu. Wannan rubutu na gefe shi ne dutsen kabari. Bayanin da ya tashi bayan an binne shi kuwa, sunan da masu aikin suka sa masa da Turanci ya yi daidai da fatalwa.

Dabarar ba ta jiya ba ce. Tun a watan Janairu na 1975, lokacin da intanet ke jariri ana kiransa ARPANET, wasu masana biyu na kamfanin BBN a Amurka, Paul Johnson da Robert Thomas, suka rubuta wata 'yar takarda kan yadda za a kula da rumbu mai kwafi da yawa. Shawararsu ita ce kowane bayani ya zo da hatimin lokaci, wanda aka goge kuma a sa masa alama a bar shi, kada a cire shi sai an tabbata labari ya kai ga dukan rassa. A 1987 Alan Demers da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto suka faɗaɗa maganar. Su nazarinsu a kan yadda na'urori za su riƙa yaɗa labari a tsakaninsu ne kamar yadda annoba ko jita-jita ke yaɗuwa, wannan ya gaya wa wancan, wancan ya gaya wa na gaba. Suka sa wa alamar gogewa suna takardar shaidar mutuwa. Suka kuma yi karo da tambayar da har yau ba a rabu da ita ba: su takardun mutuwar, yaushe za a yar da su? Har suka ba da shawarar a bar wasu suna barci a 'yan rassa ƙalilan, domin in fatalwa ta ɓullo bayan an jima, a tashe su su sake kashe ta.

Abu na biyu da ya ƙara dagula lissafi shi ne rumbunan zamani ba sa riƙe bayani a siga ɗaya. A takardar da injiniyoyin Google suka fitar a 2006 kan rumbunsu mai suna Bigtable, sun bayyana cewa kowane gurbi yana iya ɗaukar siga da yawa na abu ɗaya, kowace siga da hatimin lokacinta. Mai rumbu yana da zaɓi ya ce a riƙe masa sigogi uku na ƙarshe, ko kuwa a riƙe na kwana bakwai da suka wuce kawai. Watau in mutum ya sauya adireshinsa sau huɗu, ba lalle tsofaffin su tafi nan take ba. Suna nan a jere, sabon ne kawai ake nunawa.

Don a ga yadda abin ke gudana dalla-dalla, ya kamata a dubi Cassandra, ɗaya daga cikin rumbunan da suka fi shahara. Avinash Lakshman da Prashant Malik ne suka ƙirƙiro shi a kamfanin Facebook, aka sake shi ga kowa kyauta a 2008, daga baya ya koma ƙarƙashin gidauniyar Apache. Idan aka aiko wa Cassandra da rubutu, yakan fara tara shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta na'ura, tare da rubuta shi a wani kundi na ko-ta-kwana don gudun ɗaukewar wuta. In abin da aka tara ya yi yawa, sai a juye shi gaba ɗaya a kan faifai a matsayin fayil guda. Daga ranar da aka rubuta fayil ɗin nan ba a ƙara taɓa shi. Ba a gyara harafi ɗaya a cikinsa, ba a cire layi. Hikimar ita ce zuba rubutu a jere ya fi sauri nesa ba kusa ba a kan a riƙa komawa ana laluben tsohon wuri ana gyarawa.

Saboda haka gyara sabuwar siga ce a sabon fayil, gogewa kuma dutsen kabari ne a sabon fayil. In mai karatu ya nemi wani bayani, na'ura takan bi fayilolin da ke iya ɗauke da shi, ta tattaro dukan sigoginsa, ta gwada hatiminsu. Wanda ya fi kowa sabunta shi ke cin nasara. In dutsen kabari ne ya fi sabunta, sai a ce wa mai tambaya babu kome, ko da yake tsohon bayanin na nan kwance a faifai da ransa. Hatimin kuwa da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ake auna shi, kuma in an yi kunnen doki tsakanin rubutu da gogewa, dokar Cassandra ta ba gogewa gaskiya.

To, yaushe ne abin ke fita da gaske? Sai lokacin wani aiki da za a iya kira tankaɗe. Jifa-jifa na'ura takan ɗauko fayiloli da yawa ta haɗe su wuri ɗaya, ta zubar da tsofaffin sigogi da duk abin da dutsen kabari ya rufe, ta rubuta abin da ya rage a sabon fayil, sannan ta jefar da tsofaffin. A nan ne tsaki ke rabuwa da gari. Sai dai akwai sharaɗi: dole fayil ɗin da ke ɗauke da dutsen kabari da wanda ke ɗauke da gawar su faɗo cikin tankaɗe ɗaya. In gawar tana cikin wani tsohon fayil babba da layi bai zo kansa ba, tana iya daɗewa a wurin. Injiniyoyin Google sun san da wannan, shi ya sa suka ce Bigtable yakan zagaya a kai a kai ya yi babban tankaɗe da ba ya barin gawa ko alamarta, suka kuma faɗi dalili a fili, wato don bayanan sirri da aka goge su ɓace a kan kari.

Shi kansa dutsen kabari ba a yar da shi a tankaɗen farko. Yana da wa'adi, kuma a Cassandra, in mai rumbu bai sauya ba, wa'adin sakan 864,000 ne, watau kwana 10 cif. A cikin kwanakin nan ake sa ran labarin mutuwar zai kai ga kowane reshe. In reshe ya faɗi na ɗan lokaci, 'yan'uwansa sukan riƙe masa sallahu, in ya farfaɗo su isar masa, amma riƙon sallahun a bisa al'ada ba ya wuce awa 3. Wanda ya fi haka daɗewa sai dai a yi masa aikin daidaitawa, inda rassa ke gwada abin da ke hannunsu su cike wa juna giɓi, kamar haɗuwar akawun nan ta ƙarshen mako. Ƙa'idar da duk mai kula da irin wannan rumbu ya haddace ita ce a gama zagayen daidaitawa kafin kwana 10 su cika. Reshen da ya kwana goma sha yana kwance kuwa, ba a barinsa ya dawo da kayansa. Sharewa ake yi a sake cika shi daga 'yan'uwansa, domin in ya shigo haka nan, zai zo da gawarwakin da an riga an tumɓuke alamun kabarinsu, su tashi su bazu.

Ba Cassandra kaɗai ke da wannan doka ba. Kundin da kamfanin Microsoft ya yi wa ma'aikatu don riƙe sunayen ma'aikata da izininsu na shiga kwamfuta, mai suna Active Directory, shi ma da dutsen kabari yake aiki. Da farko wa'adinsa kwana 60 ne, daga baya aka mai da shi 180. A nan fatalwa ba abin dariya ba ce, domin tana iya zama sunan ma'aikacin da aka sallama ya sake bayyana a wani reshe.

Mai karatu zai iya cewa, to me zai hana a bar alamun har abada a huta? Ai nan gizo ke saƙa. Kowane dutsen kabari wuri yake ci, kuma duk mai neman rayayye sai ya ratsa ta kansa. Maƙabarta in ta cika, hanya ma sai ta gagara. Cassandra yakan yi gargaɗi in tambaya ɗaya ta ci karo da alamu 1,000, in ta kai 100,000 kuwa sai ya yanke tambayar ya ƙi amsawa, don kada na'ura ta durƙushe. A gajarta wa'adi, fatalwa ta fito. A tsawaita shi, rumbu ya yi nauyi. Gaba kura, baya sayaki.

Kamfanin Discord, mai manhajar hira da matasa masu wasannin kwamfuta suka fi amfani da ita, ya ɗanɗana wannan, kuma injiniyoyinsa sun ba da labarin da kansu a farkon 2017. Wata shida ke nan da suka mayar da saƙonnin jama'a cikin Cassandra, sai na'ura ta fara sandarewa tana yin tsit na sakan 10 a kai a kai. Da aka bi sawu, sai aka iske wani zauren hira guda da ke ɗaukar sakan 20 kafin ya buɗe. Da aka leƙa, saƙo ɗaya tak ne a ciki. Ashe masu zauren sun goge miliyoyin saƙonni ne suka bar guda, saboda haka duk wanda ya buɗe zauren sai na'ura ta ratsa miliyoyin kaburbura kafin ta kai ga mai rai ɗaya. Maganin da suka yi shi ne suka rage wa'adi daga kwana 10 zuwa kwana 2. Amma a lura, ba da ka suka yi ba. Sun iya yin haka ne domin kowane dare suna gudanar da aikin daidaitawa. Wanda ya kwaikwayi rage wa'adin ya bar daidaitawar, ya kira wa kansa ruwa.

Sun kuma gano wasu abubuwa biyu masu ban mamaki. Na farko, rubuta babu a gurbi daidai yake da gogewa a wurin Cassandra. Kowane saƙo nasu gurbi 16 gare shi, amma galibi 4 ake cikewa, ashe duk saƙon da aka aika suna kafa alamar kabari 12 ba gaira ba dalili. Na biyu ya fi shafar maganar sigogi. In wani yana gyara saƙonsa a daidai lokacin da wani ke goge shi, gogewa takan rufe dukan abin da ya riga ta, amma gyaran da ya biyo bayanta da ƙiftawar ido yakan tsira, tunda hatiminsa ya fi sabunta. Sai a wayi gari da saƙo mai rubutu amma babu sunan marubuci, rabi a kabari rabi a waje. Dole suka koya wa manhajar ta riƙa gane irin waɗannan ta ƙarasa su.

Kuma tsugune ba ta ƙare ba. A 2022, lokacin da rassan rumbun suka kai 177, kamfanin ya kwashe saƙonninsa zuwa wani rumbu mai suna ScyllaDB. Aikin kwasa ya tafi lami lafiya har ya kai kashi 99.9999 cikin ɗari, sai ya cije. Abin da ya tare hanya kuwa wasu tarin kaburbura ne da ba a taɓa tankaɗe su ba. Da aka tankaɗe wurin, cikin 'yan sakanni aka gama.

Duk wannan gini a kan agogo yake tsaye, agogon kwamfutoci kuwa ba su cika yin baki ɗaya ba. Tun a 1978 Leslie Lamport ya nuna cewa a tsakanin na'urori masu nisa da juna, sanin abin da ya riga wani faruwa ba abu ne mai sauƙi ba. A ce agogon wata na'ura ya yi gaba da minti biyar. Ta rubuta bayani da hatimin da lokacinsa bai zo ba. Bayan minti ɗaya mai abin ya ce a goge, umurnin ya bi ta na'ura mai agogo daidai. Da aka gwada, sai dutsen kabari ya zama shi ne tsoho, rubutun ya ci nasara. An amsa wa mutum cewa an goge, amma abu na nan daram. Haka nan in dutsen kabarin ne ya zo da hatimin gaba, duk abin da aka rubuta a gurbin kafin lokacin ya cika zai faɗa rami ba tare da kowa ya ji ƙararsa ba. Don gudun irin wannan ne Google ya sa agogon atam da na'urorin karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam a cibiyoyinsa, domin rumbunsa mai suna Spanner da ya bayyana a 2012. Ba kowane kamfani ke da aljihun yin haka ba.

Wasu kuma da gangan suka zaɓi zama da fatalwa. A takardar da injiniyoyin Amazon suka gabatar a 2007 kan rumbunsu Dynamo, sun yi bayanin kwandon sayayya, watau jerin kayan da mai saye ya zaɓa kafin ya biya. In rassa suka rabu, kowanne ya riƙe sigar kwandon dabam, ranar haɗuwa ba a zaɓar ɗaya a yar da ɗaya, haɗe su ake yi. Sakamakon haka, abin da mai saye ya sa a kwando ba ya ɓacewa, amma abin da ya cire yana iya dawowa, kuma sun faɗi haka ba ɓoye-ɓoye. Lissafin ɗan kasuwa ne tsantsa: gara mai saye ya sake cire takalmin da ba ya so da a ce ya nemi wanda yake so ya rasa. Ga kwandon sayayya wannan ba laifi. Ga takardun asibiti ko bayanin bashi kuwa, ba mai hankalin da zai yarda da shi.

A ma'ajiyar fayiloli ta Amazon mai suna S3 ma, in mai ajiya ya kunna tsarin riƙe sigogi, umurnin gogewa na yau da kullum alama kawai yake ɗorawa a saman tulin. Mai nema zai ji an ce babu, amma in aka cire alamar sai fayil ya dawo kamar ba a yi ba. Wanda ke son kawar da abu kwata-kwata sai ya ambaci kowace siga da lambarta. Kafin nan kuwa kuɗin ajiyar tsofaffin sigogin na ci gaba da hawa kansa.

A nan ne maganar ta bar ɗakin injiniyoyi ta shigo zauren kowa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa a sashenta na 17. Nijeriya ma ta yi tata dokar a watan Yuni na 2023, ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, ta kuma ba ɗan ƙasa irin wannan haƙƙi a kan bankuna da kamfanonin waya da masu ba da rance ta manhaja da sauran masu riƙe da bayanan jama'a. Dokokin biyu sun ce a goge ba tare da jinkirin da ba shi da dalili ba. Amma dutsen kabari ɓoyewa ne, ba kawarwa ba. Kamfanin da ya kafa alama ya rubuto wa mutum cewa an gama, alhali gawar na kwance a tsohon fayil, gaskiya rabi ya faɗa.

Wanda ke ganin wannan tsoro ne kawai, ya tuna abin da ya faru da masu ajiya a Dropbox a watan Janairu na 2017. Mutane suka buɗe ma'ajiyarsu suka iske fayilolin da suka goge tun shekaru da dama sun dawo, alhali ƙa'idar kamfanin a lokacin ita ce kawar da abin da aka goge cikin kwana 60. Kamfanin ya amsa cewa wata tangarɗa ce ta hana a ƙarasa goge wasu fayiloli, kuma garin gyara ta ne aka mayar wa masu su bisa kuskure. Abin lura a nan ba dawowar ba ce kaɗai. Ba don kuskuren ba, da babu wanda zai san fayilolin na nan duk tsawon shekarun.

Adalci ya sa a ce jinkirin ba duka ne mugunta ba. Kamfanin da ya yi gaggawar tumɓuke alamu don ya burge hukuma, shi ne zai fi kowa haifar da fatalwa, watau ya dawo da ainihin abin da aka ce ya goge. Abin da ake bukata shi ne a faɗi wa'adi a fili a kuma cika shi. Google, alal misali, ya bayyana wa masu hulɗa da shi cewa gogewa takan ɗauki kimanin wata 2, kuma abin yana iya zama har wata 6 a kwafin ajiya na ko-ta-kwana. Ko mutum ya ga wa'adin ya yi tsawo, aƙalla an ba shi lamba da zai riƙe.

Akwai wata hanya da wasu ke bi don gajarta wahala. Tun farko sai a kulle bayanan kowane mutum da mabuɗin sirri nasa shi kaɗai, a ajiye mabuɗin a wuri dabam. Ranar da ya ce a goge, sai a lalata mabuɗin. Kwafi ko nawa ne, siga ko nawa ce, duk sun zama tarkacen da ba mai iya karantawa, ko tankaɗe ya zo ko bai zo ba. Dabara ce mai kyau, sai dai ta ɗauke matsalar ne daga babban ɗaki ta kai ƙarami, domin shi ma rumbun mabuɗan yana da nasa kwafi da nasa rassa.

Saboda haka jami'in hukuma ko lauya ko ɗan jarida da ya zauna gaban wani kamfani kan wannan batu, tambayar ko kun goge ba za ta kai shi ko'ina ba, domin amsarta kullum i ce. Abin tambaya shi ne kwana nawa alamar kabari ke yi a rumbunku, kuma yaushe rabonku da gama zagayen daidaitawa? Wane tabbaci ke akwai cewa tankaɗe yana kaiwa ga tsofaffin fayiloli? Reshen da ya daɗe a kwance, share shi kuke yi ko mayar da shi? Sai kuma ta ƙarshe, wadda aka fi mantawa da ita, game da kwafin ko-ta-kwana da ake ɗauka a adana don ranar gobara ko kutse. Kwafin da aka ɗauka ranar Litinin bai san da gogewar ranar Talata ba. In rumbu ya lalace ranar Laraba aka mayar da na Litinin, sai an sami wani jeri dabam na duk waɗanda suka nemi a goge su a tsakani, a bi shi ɗaya bayan ɗaya a sake binne su. Jerin nan kuwa dole ya ɗauki wata shaida, ko suna ko lamba, da za a gane kowannensu da ita.